Ku Tambayi Likita: Mai HIV a Ɗakin Kulawa ta Musamman, Ana Fitowa da Rai Kuwa?

Wasiƙun da suka taru a teburina a wannan wata sun karkata kan batu guda, wato halin da mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV yake shiga idan ciwo ya tsananta har aka ce sai an kai shi ɗakin kulawa ta musamman, wanda ma'aikatan asibiti da masu jinya suka fi sani da ICU. Na zaɓi shida daga ciki. Kamar yadda muka saba, ba a buga sunan kowa, kuma na taƙaita wasu saƙonnin ba tare da na taɓa ma'anarsu ba. Waɗanda lamarinsu ba ya jira na riga na amsa musu kai tsaye, abin da ke nan don amfanin sauran masu karatu ne.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanena ɗan shekara 34 yana kwance a wani asibitin koyarwa yau kwana huɗu. Ya yi kusan wata guda yana busasshen tari, numfashinsa yana sarƙewa, har ta kai daga ɗaki zuwa bayi ma sai ya tsaya ya huta. A asibitin aka auna jininsa aka ce yana da HIV, shi kansa bai taɓa sani ba. Yanzu likitoci sun ce a kai shi ICU, wataƙila a ɗora masa na'urar numfashi. Kawunmu ya ce asarar kuɗi ce, mai wannan ciwo idan ya shiga can ba ya fitowa, gara a mayar da shi gida a yi ta addu'a. Mahaifiyarmu kuma tana so ta sayar da gonarta. Don Allah a gaya mini gaskiya. Daga wata baiwar Allah, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Zan fara da maganar kawunku, domin ba ƙirƙirar ta ya yi ba, gaskiya ce da ta tsufa. A watan Yunin 1981 aka fara ba da rahoton wannan ciwo a Amurka, a kan wasu samari biyar a birnin Los Anjalis, kuma abin da ya kwantar da su duka wata irin nimoniya ce da likitoci ke kira PCP, wadda wata ƙwaya dangin funfuna ke haddasawa a huhun mutumin da garkuwar jikinsa ta faɗi. A babban asibitin birnin San Faransisko, daga 1981 zuwa 1985, cikin kowane mutum 100 masu wannan nimoniya da aka ɗora wa na'urar numfashi, kimanin 14 ne kawai suka bar asibiti da ransu. A wancan zamani likitoci da yawa ra'ayinsu ɗaya da na kawunku, suna ganin kai irin wannan mara lafiya ICU tsawaita wahala ne kawai. Mu ma a nan, sunan ƙanjamau da muka laƙaba wa ciwon hoton wancan zamani ne, lokacin da ba a ganin mai shi sai ya ƙanjame.

Abubuwa biyu suka sauya lissafin. A 1990 masana suka amince cewa idan aka haɗa wa mai PCP mai tsanani maganin rage kumburin huhu irin su prednisolone tare da maganin kashe ƙwayar, mace-mace suna raguwa. Sannan a 1996 aka fara haɗa magunguna uku masu danne ƙwayar HIV kanta. A wannan asibiti dai na San Faransisko, daga 1996 zuwa 1999, cikin kowane mai HIV 100 da aka kwantar a ICU bisa kowane irin dalili, 71 sun koma gida. Wani bincike a wani asibitin koyarwa na Landan, daga 1999 zuwa 2005, ya samu 68 cikin 100, adadin da ya yi kusan daidai da na sauran marasa lafiyar da ba su da HIV a ɗaki guda. Ki lura cewa adadin farko na waɗanda suka fi kowa jigata ne, na baya kuma na kowa da kowa, saboda haka ba a jera su kafaɗa da kafaɗa, amma alƙiblar da suke nunawa ba ta ɓuya.

Ba zan ruɗe ki da alƙaluman Amurka da Ingila ba, domin Kano ba Landan ba ce. A 2021 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka 10, har da Najeriya, a kan mutanen da cutar korona ta jigata aka tura su sashen kulawa ta musamman. Kusan rabinsu, kashi 48 cikin 100, sun rasu cikin kwana 30, kuma haɗarin mutuwa ga mai HIV ya kusa ninka na wanda ba shi da ita. A ganina babban abin da ke raba mu da su shi ne lokacin da mara lafiya yake isowa da kuma abin da ya tarar idan ya iso. Namu yakan zo ne bayan ya gama zagaye kemis da masu sassaƙe, ya zo a rame, jininsa ya yi ƙasa, sannan ya tarar da gadaje kaɗan, ma'aikata kaɗan, da iskar oksijin da ake lissafa ta silinda-silinda.

Abin da ya fi nuna ko mutum zai fito daga ICU shi ne tsananin ciwon da ya kai shi can: gaɓoɓi nawa ne suka gaza, huhu ne kaɗai ko har da ƙoda da hanta, jininsa yana faɗuwa har sai an riƙe shi da allura ko kuwa yana tsaye da kansa, kuma shin abin da ya kwantar da shi yana da magani. Ƙwayoyin CD4, waɗanda a asibiti muke ce wa sojojin jiki, a lafiyayyen mutum sukan kai 500 zuwa 1,500, kuma idan suka sauka ƙasa da 200 Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ciwon ya yi nisa. Amma wannan adadi ya fi faɗin abin da zai faru a watannin da ke biye da sallama, bai cika yanke hukunci kan kwanakin ICU ba. Na ga wanda sojojin jikinsa ba su kai 20 ba ya tashi ya koma kasuwa, na kuma ga wanda ba shi da HIV sam bai kwana biyu a ɗakin ba.

Ba na iya gano ciwo ta wasiƙa, amma yadda kika siffanta na ƙanenki, busasshen tari na makonni da numfashin da ke yankewa idan an motsa, ya yi kama da PCP, ita kuwa tana da magani. Maganin shi ne Septrin ɗin nan da kowa ya sani, sai dai da ƙarfi ƙwarai, na tsawon kwana 21. Dole kuma a nemi tarin fuka, domin shi ne ya fi kowane ciwo kashe masu HIV a duniya, kuma yakan ɓuya a jikin wanda garkuwarsa ta faɗi har a auna majina a ce ba a gani ba. Ban da gwajin majina na GeneXpert, akwai gwajin fitsari da ake kira LAM wanda aka tanada don irin wannan hali. Ki tambaya ko an yi su.

Game da gona, ba ni zan yanke muku ba, amma kada ku yanke a kan jita-jita. Ku nemi zama da babban likitan da ke duba shi, ku tambaye shi sunan abin da ake yaƙa, da gaɓoɓin da suka taɓu, da abin da kwana ɗaya zai ci, da kuma ranar da za a iya gane ko magani yana karɓa. Ana iya yin yarjejeniya a gwada na wasu kwanaki, sannan a sake zama a duba. Ki sani kuma cewa shiga ICU ba lallai ne ya zama an zura bututu a maƙogwaro ba, wani oksijin mai ƙarfi da sa ido dare da rana kaɗai yake bukata, kuma wanda aka kai da wuri ya fi samun damar tsallake na'urar baki ɗaya. Maganin HIV da na tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, gadon ICU ne da gwaje-gwaje ke cin kuɗi, kuma asibitocin koyarwa suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya da ya kamata ku leƙa kafin a kira dillali. Shi kuma kawu a tuna masa cikin ladabi cewa addu'a ba ta hana magani, hadisi ingantacce ya nuna Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

TAMBAYA: Likita, maigidana yana shan maganin HIV shekara shida, ni kaɗai na sani. Ya yi hatsarin mota, yanzu yana ICU bai san inda kansa yake ba, 'yan'uwansa kuma sun cika ƙofar ɗakin. Ya taɓa roƙona kada in faɗa wa kowa ko bayan ransa. Kwana uku ke nan bai sha maganin ba, kwalbar tana cikin jakata. In faɗa wa likitoci, ko in riƙe amanarsa? Daga wata mai karatu, Kaduna.

AMSA: Malama, ki faɗa, yau ɗin nan. Amanar da ya ba ki ta 'yan'uwa ce da maƙwabta, ba ta likitan da ke ƙoƙarin ceto ransa ba. Na taɓa ganin irin halin da kike ciki. Wata mata ta yi kwana biyar tana zaune a kan tabarma a barandar asibiti, sai a daren na biyar ta biyo ni har bakin matakala, ta kwance bakin zaninta ta fito da wata kwalbar farasitamol, ta buɗe ta ba tare da ta ce uffan ba. Ƙwayoyin da ke ciki ba farasitamol ba ne. Ta sauya musu mazubi ne tun shekarun baya don kada wani ya karanta takardar jikin kwalbar. A cikin kwana biyar ɗin muna ta ba mijinta wata allura mai nauyi ga ƙoda, ba mu san ƙodar ta daɗe tana ɗauke da wani nauyin ba.

Dalilan suna da yawa. Maganin da akasarin mutane ke sha a Najeriya yanzu ƙwaya ɗaya ce mai haɗe da magunguna uku, tenofovir da lamivudine da dolutegravir, wadda ake taƙaitawa da TLD. Tenofovir ta ƙoda yake fita, kuma mutumin da ya zubar da jini a hatsari ƙodarsa tana cikin haɗari, don haka likita yana bukatar sani domin ya rage ko ya sauya. Dolutegravir kuma yana maƙalewa da sinadaran kalsiyam da ƙarfe da magniziyam, waɗanda ke cikin abincin ruwa da ake zuba wa mara lafiya ta bututun hanci da cikin wasu magungunan gyambon ciki, shi ya sa ake ba da shi awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Idan kuwa maigidan yana kan magani na layi na biyu, wato wanda ake komawa idan na farko ya daina aiki, mai ɗauke da ritonavir, to wannan yana hana hanta narkar da wasu magungunan sa barci da ake amfani da su a ICU, irin su midazolam, sai a rage allura amma mutum ya ƙi farkawa, a yi ta ɗaukar hoton kai ana neman abin da babu.

Akwai wani dalilin da mutane ba su cika sani ba. Tenofovir da lamivudine suna danne ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ta yawaita a yankinmu. Wanda yake ɗauke da ita tare da HIV, idan aka tsayar masa da magani, ciwon hantar yana iya tasowa da ƙarfi a makonnin da ke biye. Saboda haka ƙa'ida ita ce wanda ke kan magani kuma ƙwayar ta kwanta a ci gaba da ba shi ko a ICU, muddin cikinsa yana karɓa. Kada dai ki niƙa ki ba shi da kanki a ɓoye, domin akwai ƙwayoyin da ake iya niƙawa a zuba ta bututu, akwai waɗanda niƙawa ke lalata su, kuma mutumin da ba ya cikin hayyacinsa yana iya shaƙewa.

Yadda za ki yi shi ne ki ce wa babbar nas ɗin ɗakin kina son ganin likita ke kaɗai a matsayinki na matarsa, wannan ba abin da zai ja hankalin kowa ba ne. Ki miƙa kwalbar da katin asibitin da yake karɓar magani, ki kuma faɗa ƙarara cewa dangi ba su sani ba. Riƙe sirrin mara lafiya wajibi ne a kan ma'aikacin lafiya. Shekara shida yana shan magani kuwa abin ƙarfafa gwiwa ne, domin idan ƙwayar ta kwanta, abin da zai yanke makomarsa raunin hatsarin ne.

TAMBAYA: Ina gaisuwa, Likita. Ƙanwata ta yi sati biyu tana ciwon kai mai tsanani, daga baya ta fara sambatu. Lokotoro ya ce sida ce ta kawo mata wani irin sanƙarau. Abin da ya ɗaure mini kai, sun ƙi fara ba ta maganin sidar, sun ce sai bayan wata guda, kuma kusan kullum suna so su ɗebi ruwa a bayanta. Tsofaffinmu sun ce ɗibar ruwan baya yana gurgunta mutum. Sakaci ne ko rashin magani? Daga wani ɗan'uwa, Maraɗi.

AMSA: Malam, ba sakaci ba ne, lokotoron nan ya san aikinsa. Bisa bayaninka, wannan shi ne sanƙarau na ƙwayar kiriftokokus, ita ma dangin funfuna ce, kuma ta fi kama wanda sojojin jikinsa suka sauka ƙasa da 100. Ya bambanta da sanƙarau na lokacin zafi da muka sani, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma a hankali yake shigowa.

Dalilin jinkirin shi ne, idan aka fara maganin HIV garkuwar jiki tana farfaɗowa, ta tarar da ƙwayoyin cuta sun yi sansani, sai ta far musu da faɗa. Faɗan nan kumburi yake haifarwa. A huhu ko a fata ana iya jure kumburi, amma ƙoƙon kai ba ya buɗewa, ƙwaƙwalwa ba ta da wurin matsawa. An gwada wannan a Uganda da Afirka ta Kudu, aka buga sakamakon a 2014: waɗanda aka fara wa maganin HIV cikin sati ɗaya zuwa biyu, 45 cikin 100 sun rasu a cikin wata shida, waɗanda aka jinkirta wa zuwa sati biyar kuma 30 cikin 100. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jira sati 4 zuwa 6. Haka ma ake jinkirtawa idan tarin fuka ne ya hau ƙwaƙwalwa. A sauran cututtukan kuwa, kamar PCP da tarin fuka na huhu, akasin haka ake yi, ana farawa cikin sati biyu. Wannan bambanci yakan rikita masu jinya idan suka ga na gadon kusa an fara masa, nasu kuma an ce a dakata.

Ɗibar ruwan baya kuwa, ina roƙonku da girman Allah kada ku hana. Ƙwayar tana toshe hanyar da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi ya fita, sai ruwan ya taru ya danne ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ido, daga nan ciwon kai da makanta da mutuwa suke zuwa. Ɗibar ruwan shi kansa magani ne, kuma sau da yawa mara lafiya yakan ce kansa ya yi sauƙi tun kafin a cire allurar. Ana soka ta ne a ƙasan baya, ƙasa da inda lakar gadon baya ta ƙare. Abin da ya sa aka yi mata mummunan suna shi ne waɗanda ake yi wa ita dama sun jigata, idan suka rasu sai a ɗora wa allura laifin ciwo.

Maganin ma ya samu ci gaba. Wani bincike da aka yi a Botsuwana da Malawi da Afirka ta Kudu da Uganda da Zimbabuwe, aka buga a 2022, ya nuna cewa ƙarin ruwa guda ɗaya mai ƙarfi na sabon nau'in maganin kashe funfuna da ake kira amphotericin, haɗe da ƙwayoyin flucytosine da fluconazole na kwana 14, yana aiki kamar tsohon tsari na sati guda, kuma bai kai shi wahalar da ƙoda da jini ba. Duk da haka kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya rasu a cikin sati goma, saboda haka ciwon ba na wasa ba ne. Idan aka sallame ta, za ta ci gaba da shan fluconazole na tsawon lokaci, kada ta bari don ta ji sauƙi.

TAMBAYA: Mahaifina yana ICU saboda ciwon zuciya, na ji ana raɗe-raɗin na gadon kusa da shi yana da HIV. Ba za a shafa masa ta na'ura ko ta hannun nas ba? Daga wani matashi, Jos.

AMSA: Ka kwantar da hankalinka, ɗana. HIV ba ta bin iska, ba ta bin zanin gado ko kwano ko hannu. Bututun numfashi da allurai na mutum ɗaya ne, sauran kayan kuma ana tsarkake su, kuma ana ɗaukar jinin kowane mara lafiya da taka-tsantsan iri ɗaya ko an san yana da ciwon ko ba a sani ba. Ko ma'aikacin da allurar mai HIV ta soke shi, haɗarin kamuwa kimanin 3 ne cikin 1,000, kuma akwai maganin kariya na kwana 28 da ake farawa kafin awa 72 su wuce. Abin da ke bin iska shi ne tarin fuka, shi ne ake ware mai shi saboda shi. Ina kuma ba ka shawara kada ka zama mai kai wannan raɗe-raɗi gaba.

TAMBAYA: Ina shan magani shekara tara, gwaji yana nuna ba a ganin ƙwayar a jinina. Tsorona shi ne ranar da wani ciwo zai kai ni ga bukatar ICU, a ga takardata a ba wani gadon. Suna da wannan hurumin? Daga wani ma'aikacin gwamnati, Bauchi.

AMSA: Ba su da shi, Malam. Dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 ta haramta ƙin duba mutum saboda yana ɗauke da ƙwayar, kuma sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa, ita ma ta 2014, ya hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Gaskiya ne gadaje ba su da yawa, kuma likita yakan zaɓi wanda ya fi alamar amfana, amma ma'aunin shi ne halin da jiki ke ciki, kuma mutum irinka a wannan ma'auni ba shi da bambanci da sa'anninsa. Idan aka saɓa, akwai teburin karɓar koke na SERVICOM a asibitocin tarayya, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta NEPWHAN. Ni dai abin da zan fi so ka sa wa ido shi ne hawan jini da ciwon suga da ƙoda da taba sigari, domin su ne suka fi kai irinku ICU a yau.

TAMBAYA: Likita, na bar shan magani shekara biyu da suka wuce bayan na koma ƙauyenmu, ga nisa ga kunyar a gan ni a layi. Yanzu ina rama, ina zazzaɓin dare, ƙafafuna ba ƙarfi. Garinmu babu ICU, babban asibiti ma sai an yi tafiyar awa biyu. Ina da ragowar ƙwayoyi, in ci gaba da sha? Daga wani bawan Allah, jihar Katsina.

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka ci gaba da ragowar nan da kanka, ka tafi asibiti a cikin satin nan. Ka karanta amsar da na ba mutumin Maraɗi za ka gane dalili: bayan shekara biyu ba magani, mai yiwuwa wani ciwo ya riga ya samu wurin zama, kuma dole a neme shi kafin a tayar da garkuwar jiki. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara abin da ake yi wa mai irin halinka, wato a auna sojojin jiki, a nemi tarin fuka ta majina da fitsari, a auna jini don ƙwayar kiriftokokus, a ba da Septrin da sauran magungunan kariya, sannan a mayar da mutum kan magani cikin gaggawa idan babu abin da ya hana. Wani bincike a Uganda da Zimbabuwe da Malawi da Kenya, wanda shi ma aka buga a 2017, ya nuna cewa a cikin waɗanda sojojin jikinsu ba su kai 100 ba, haɗa magungunan kariya masu araha ya rage mace-macen wata shida na farko daga kimanin kashi 12 zuwa kashi 9 cikin 100. Rama da zazzaɓin dare kuwa, tarin fuka suke fara kawo wa likita a rai, ko da babu tari.

Rashin ICU a kusa kada ya karya maka zuciya. Wani babban bincike a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, da aka buga a 2025, ya samu cewa mutum ɗaya cikin kowane takwas da ke kwance yana cikin matsanancin hali, kuma fiye da biyu cikin uku na irin waɗannan a ɗakunan kwanciya na gama-gari ake jinyarsu. Abin da ke ceton akasarinsu ba na'ura mai tsada ba ce, oksijin ne da ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta a kan lokaci, da nas mai zagayowa tana aunawa da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa. Babban asibitin da ka ambata yana iya waɗannan, idan kuma abin ya fi ƙarfinsu su ne za su tura ka gaba da takarda.

Ka gaya wa wani da ka yarda da shi a gida alamomin da ba a kwana da su: numfashi ya kai 30 a minti ɗaya, bugun zuciya ya kai 120, zafin jiki ya kai 39 a ma'auni, ko ka kasa tafiya sai an riƙe ka. Ka ƙara da ciwon kai da ya ƙi sauka, da ruɗewa, da jijjiga. Ko ɗaya daga ciki ya bayyana, a nemi mota a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Batun kunya da nisa kuma yana da mafita. Idan jikinka ya daidaita ana iya ba ka maganin wata uku ko shida a tafi ɗaya, kuma kana da damar neman a mayar da fayil ɗinka asibitin da ba a san ka ba. Kada tsoron faɗan ma'aikata ya tsayar da kai, masu dawowa bayan sun bari suna da yawa, mun saba da su. Ka tafi da ragowar ƙwayoyin da tsohon katinka ko da ya yage, domin lambar da ke jikinsa ce za ta nuna irin maganin da ka tsaya a kai da sakamakon gwajinka na ƙarshe.